Porsche 911: Shekara Sittin Ana Gyaran Motar da Injinta Ke Rataye a Baya

Duk wanda ya yi wayo ya tarar da Boswaja tana yawo a titi zai tuna abin da ya fi ɗaure wa yara kai game da ita. Ka ɗaga murfin gaba, inda kowace mota ke ɓoye injinta, sai ka tarar da tayar safaya da tankin mai da ɗan gurbin jaka. Injin yana can ƙarshe, a bayan tayoyin baya, ba lagireto ba ruwa, fanka ce kawai ke hura masa iska, ga wannan ƙarar tata da ake ganewa tun daga nesa. Volkswagen Beetle ke nan, wadda har a Ojo ta jihar Legas an haɗa ta daga tsakiyar shekarun 1970. Mota ce da aka tsara domin mai ƙaramin ƙarfi, kusan komai na jikinta an yi shi ne don ta yi arha. To wannan tsari na motar talaka, inji a baya mai shan iska, shi ne kakan Porsche 911, motar da masu sha'awar gudu suka fi shekara sittin suna auna sauran motoci da ita.

Abin da ya sa nake ganin labarinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne wannan. Da za ka tara injiniyoyi yau, ka miƙa musu farar takarda ka ce su zana motar gudu, da wuya ka sami ko ɗaya da zai rataya inji a bayan tayoyin baya. Ko dai su sa shi a gaba, ko kuma a tsakiya, wato bayan kujerar direba amma gaban tayoyin baya, kamar yadda McLaren da Lamborghini suke yi a motocinsu na gudu. Shi kansa kamfanin Porsche, duk lokacin da ya zauna ya ƙera motar tsere daga tushe, a tsakiya yake ajiye inji: haka ya yi a 550 Spyder, haka a 917 da ta ci tseren Le Mans a 1970 da 1971, haka a 956 da 919. Sun san inda ya fi dacewa. Amma 911 ta titi, tun daga 1963 har yau, injinta bai bar baya ba. A ganina darajarta ba daga cikar tunanin farko ta zo ba. Ta zo ne daga mutanen da suka gaji matsala, suka ƙi jefar da ita, suka yi ta rage mata kaifi milimita bayan milimita har ta zama abin da ake sayen motar dominsa.

Sai an koma ga tsohon kafin a gane yadda aka yi gadon. An haifi Ferdinand Porsche a 1875 a wani gari da yanzu yake cikin ƙasar Cek. Tun a 1900 ya nuna mota mai aiki da lantarki a baje kolin birnin Paris, wadda injinanta ke cikin tayoyi. Ya yi aiki da Austro-Daimler da Daimler-Benz, sannan a 1931 ya buɗe ofishinsa na zanen motoci a Stuttgart. A 1934 gwamnatin Hitler ta ba shi kwangilar tsara motar da kowane ma'aikaci zai iya saya, a kan kuɗi ƙasa da mak 1,000, kuɗin Jamus na lokacin. Inji a baya ya dace da wannan buƙata: ba sai an ja dogon ƙarfe daga gaba zuwa tayoyin baya ba, inji da giyabos suna haɗe wuri guda, cikin motar ya sami fili, kuma tunda ba ruwa, ba abin da zai daskare da sanyin Jamus. Tunanin ba nasa ba ne shi kaɗai. Hans Ledwinka na kamfanin Tatra yana kan irin wannan hanya a lokacin, har daga baya, a shekarun 1960, Volkswagen ta biya Tatra diyya.

Bai kamata a wuce wannan zamani a guje ba, ko da kuwa ana maganar ƙarfe da inji ne. Ferdinand Porsche ya shiga jam'iyyar Nazi, ya tsara wa sojojin Hitler motoci da tankokin yaƙi. Masana'antar Volkswagen da yake jagoranta ta yi amfani da mutane kimanin 20,000 da aka tilasta wa aiki a lokacin yaƙin. Adolf Rosenberger, Bayahude da aka kafa kamfanin Porsche da shi da kuɗinsa, an raba shi da hannun jarinsa a 1935, aka tsare shi na ɗan lokaci, ya ƙare da gudun hijira zuwa Amurka. Mutum zai iya ƙaunar motar, amma wannan ma yana cikin tarihinta. Bayan yaƙi Faransawa suka kama tsohon a ƙarshen 1945, bai fito ba sai 1947, ya rasu a farkon 1951.

Ɗansa Ferry ne ainihin uban motar gudun. A Gmünd, wani ƙaramin gari a duwatsun Ostiriya inda kamfanin ya yi ƙaura a 1944, cikin tsohon wurin yankan katako, shi da Karl Rabe da Erwin Komenda suka haɗa mota da kayan Beetle. An yi mata rajista ranar 8 ga Yuni, 1948, da sunan 356. Ƙarfin doki 35 kawai gare ta, amma nauyinta kilo 585, don haka takan kai kilomita 135 a awa. Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wannan mota ta farko injinta a tsakiya yake. Da aka zo yin ta sayarwa ne aka juya shi ya koma baya kamar na Beetle, domin hakan ya fi sauƙin haɗawa da kayan da ake da su, ya fi arha, kuma ya bar ɗan wuri a bayan kujeru. Wato talauci da lissafin kasuwa ne suka yanke hukuncin, ba ilimin gudu ba. Kamfanin ya koma Stuttgart a 1950, ya ci gaba da yin 356 har 1965, ya sayar da sama da 76,000.

Wadda za ta gaje ta an nuna ta a baje kolin Frankfurt a Satumban 1963 da sunan 901. Babban ɗan Ferry, Ferdinand Alexander, shi ya jagoranci zanen jikinta. Sunan bai daɗe ba, domin Peugeot ta ce ita ke da haƙƙin sunan mota mai lamba uku da sifiri a tsakiya. Mu da muka saba da 404 da 504 da 505 ta Kaduna mun san wannan tsarin suna sarai. Bayan an yi motoci 82, sai aka cire sifirin aka sa 1, ta zama 911.

Injin shi ne sabon abu na gaskiya, kuma Hans Mezger da Ferdinand Piëch, ɗan yayar Ferry, suna cikin waɗanda suka kammala shi. Silinda shida ne a kwance, uku a dama uku a hagu, fistin suna fita tare suna komowa tare kamar hannuwan 'yan dambe biyu, shi ya sa ma Jamusawa suke kiran irin wannan inji da sunan ɗan dambe. Wannan kwanciya tana da amfani uku. Motsin kowane fistin yana kashe girgizar na ɗaya ɓangaren, sai injin ya yi laushi ko da yana juyawa da sauri. Nauyinsa yana ƙasa kusa da titi. Kuma gajere ne, tsawon silinda uku kawai, wanda ga injin da ke rataye a baya ba ƙaramin abu ba ne. Baƙin mai ba ya kwana a ƙasan injin kamar na sauran motoci, yana da tankinsa daban, famfo ke zuƙe shi yana mayarwa, don kada ya karkata gefe guda a kwana injin ya bushe. Kuma yana da yawa, lita 9 tun a farko, ninki biyu na motar gida. Shi ya sa cewa iska ce kaɗai ke sanyaya wannan inji rabin gaskiya ne, mai yana ɗaukar kaso babba na zafin. Girmansa lita 2, ƙarfin doki 130, gudu kilomita 210 a awa.

Yanzu ga matsalar kanta. Duk direban da ya taɓa jan a-kori-kura da aka jibga wa buhuna a can ƙarshen baya ya san yadda sitiyari ke zama sakayau a hannu, kamar tayoyin gaba ba su taɓa ƙasa sosai. Haka ɗan acaɓa da ya ɗaure buhu biyu a kariya. A 911 kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyi yana kan tayoyin baya, kuma babban ɓangarensa ba a kansu yake daidai ba, yana bayansu. Ka ɗauki guduma ka jefa: ko ta ina ka riƙe ta, kan ƙarfen ne yake neman shiga gaba. A miƙaƙƙiyar hanya wannan ba ya nuna kansa sosai, sai dai iska mai bugowa daga gefe takan kaɗa gaban motar. A kwana ne labari ke canzawa.

Kowane fasinja ya san a jikinsa cewa idan direba ya taka totur, jiki kan manne da kujera, idan ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, jiki kan tafi gaba. Mota ma haka nauyinta ke yi a kan tayoyi. To ka ɗauka direba ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinsa, gabansa ya faɗi, ya yi abin da kowa zai yi, ya ɗaga ƙafa daga totur. Nan take nauyi ya koma gaba. Tayoyin gaba suka ƙara kama titi, suka ƙara karya kwanar. Tayoyin baya kuwa, waɗanda ke riƙe da injin, aka rage musu abin da ke danna su ƙasa a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa. Shi kuma injin, da yake nauyi ba ya son canza hanya, ya ci gaba da tafiya inda ya nufa, wato wajen kwanar. Sai bayan motar ya zame ya zagayo, kuma da yake nauyin yana nesa da tsakiyar mota, idan ya fara lilo tsayar da shi sai gwani. Abin da ke da ban tsoro a nan shi ne, dabarar da ke ceton direba a yawancin motoci ita ce take kayar da shi a wannan. Maganin shi ne ka rage gudu tun kafin kwana, ka shiga a natse, sannan ka riƙe totur kada ka sake. Hankali yana cewa saki, motar tana cewa riƙe.

Amma wannan nauyi da ke cutarwa shi ne kuma ke biya. Wajen fita daga kwana, lokacin da motoci masu inji a gaba da jan baya suke ta murza taya a banza, 911 takan dasa tayoyinta ta harba, domin injin na zaune a kansu. Wajen birki ma haka: mota mai inji a gaba takan ɗora kusan dukan aikin a kan tayoyin gaba, ita kuwa wannan, da nauyi ya matsa gaba sai ya rabu kusan daidai, tayoyi huɗu su yi aiki tare. Sitiyarinta mara nauyi ne, yana faɗa wa hannu abin da titi ke ciki. A kan ƙanƙara da tsakuwa wannan riba ce babba, shi ya sa ta ci tseren Monte Carlo sau uku a jere, Vic Elford a 1968, Björn Waldegård a 1969 da 1970. Ke nan aikin injiniyoyi ba shi ne su kawar da halin ba. Aikinsu su cire dafin su bar ƙarfin.

Gyaran farko da suka yi ya nuna irin matsin da suke ciki. Da masu saye suka fara kuka da rashin natsuwar gaban motar, sai aka riƙa cusa dunƙulen ƙarfe mai kilo 11 a kowace kusurwa ta bambar gaba. Kamfanin da ya gina sunansa a kan rage nauyi ya koma yana ƙara kilo 22 na ƙarfen da ba ya aikin komai sai danna hanci. Magani ne na gaggawa, kuma sun san haka. A 1968 suka yi na gaskiya: suka matsar da tayoyin baya da milimita 57 zuwa baya ba tare da sun taɓa injin ba, ta yadda abin da ke rataye a bayansu ya ragu. Tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ta canza halin motar. Suka mayar da kwankwason injin na magnesiyam, ƙarfen da ya fi alminiyam rashin nauyi. Suka raba batir gida biyu, ɗaya a kowace kusurwar gaba, ya zama nauyin da ke danna hancin yanzu yana da aikin yi.

Carrera RS 2.7 ta 1972 ta kawo abu biyu da suka zauna har yau. Na ɗaya, tayoyin baya suka fi na gaba faɗi, tunda su ke ɗauke da kaya. Na biyu ya shafi iska. Idan ka kalli 911 daga gefe, bayanta mai gangarowa yana kama da fiffiken jirgin sama, kuma da gudu ya yi yawa haka yake aiki, iska tana ɗaga bayan motar. Sai aka dasa ɗan tudu a murfin inji, wanda aka yi wa laƙabi da wutsiyar agwagwa, ya karya wannan iska. Dokar tsere ta buƙaci a yi guda 500, masu kula da kasuwa suna fargabar ko za su shiga, ƙarshe aka yi 1,580. Ƙarfin doki 210, kuma mafi sauƙinta ba ta kai tan ɗaya ba. 'Yar'uwarta ta tsere, RSR, ta ci tseren awa 24 na Daytona da tseren Targa Florio a 1973.

Sai kuma suka ƙara wa wutar mai da hannunsu. A 1975 aka fara sayar da 911 Turbo. Turbo wata fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji don ya ƙona mai da yawa. A wancan zamani tana da jinkiri: ka taka totur ba abin da zai faru, sai injin ya ɗauki juyi, sannan ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar an tunkuɗe ka. Ka haɗa wannan da abin da na bayyana game da kwana. Ƙarfin doki 260, daga baya 300, yana iya faɗowa a tsakiyar kwana, direba ya firgita ya ɗaga ƙafa. Ba a banza aka yi mata laƙabin mai jefa mata takaba ba.

A daidai wannan lokaci shugabannin kamfanin sun riga sun yanke ƙauna da ita. Tun 1972 iyalan Porsche da Piëch suka janye daga gudanarwa saboda saɓanin cikin gida, Ernst Fuhrmann ya karɓi ragama. Injiniya ne na gaske, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: dokokin hayaƙi da na ƙara da na haɗari, musamman a Amurka, suna ƙara tsanani, inji mai shan iska a baya ba zai daɗe ba. Ya kawo 928 a 1977, mai inji V8 a gaba da lagireto, giyabos a baya don nauyi ya daidaita. Mota ce mai kyau ƙwarai, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1978. A kan takarda ta fi 911 ta kusan kowace fuska. Masu saye dai suka ci gaba da neman tsohuwar. Peter Schutz, Ba'amurke haifaffen Berlin da ya zama shugaba a 1981, ya sha ba da labarin yadda ya shiga ofishin babban injiniya Helmuth Bott, ya ga jadawali a bango inda layin 911 ya tsaya a wannan shekara, ya ɗauki alƙalami ya ja layin har ya fita daga takardar ya hau bango. 928 ta rayu har 1995 sannan aka daina ta. Ban ɗauki Fuhrmann a matsayin wanda ya yi kuskuren lissafi ba. Abin da ya hango duk ya zo, sai dai bai auna cewa masu motar sun riga sun ƙaunaci halin da yake son raba su da shi ba.

Daga nan labarin ya biyo ta yankinmu. Bott yana son gwada 911 mai jan ƙafa huɗu, Jacky Ickx kuma, wanda ya ci tseren Paris zuwa Dakar a 1983 da Mercedes, ya shawo kan kamfanin cewa Sahara ce wurin gwajin. A 1984 René Metge ya ci tseren da wata 911 da aka ɗaga sama, mai lamba 953, a hanyar da ta ratsa Aljeriya ta shigo Nijar ta Tenere da Agadas. Motar gudu ta kwalta ta doke motocin daji a cikin rairayi, kuma dalilin bai ɓoyu ba: ba ta da nauyi, gabanta ba ya nutsewa, injin yana danna tayoyin da ke turawa. A 1985 motocinsu uku duk suka gaza kaiwa ƙarshe. A 1986 suka dawo da 959, suka ɗauki na ɗaya da na biyu da na shida, a shekarar da wanda ya kafa tseren, Thierry Sabine, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, a ranar da ayarin ya tashi daga Yamai. Ita 959 ta titi ba su kai 350 ba, amma ta zama makaranta: kwamfuta ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya gwargwadon buƙata, turbo biyu suna shiga ɗaya bayan ɗaya don rage jinkiri, kan silinda yana shan ruwa jikinsu yana shan iska.

Abin da aka koya ya gangaro zuwa motar kasuwa. Samfurin 964 na ƙarshen shekarun 1980 ya zo da jan ƙafa huɗu da birkin da ba ya kulle taya. Samfurin 993 na 1993 kuwa ya taɓa tushen ciwon. A da, hannu ɗaya ne ke riƙe kowace tayar baya, kuma idan nauyi ya tashi daga kanta takan ɗan karkata ta yadda za ta taimaka wa zamewar. Sai aka maye gurbinsa da hannuwa da yawa, aka tsara su yadda idan aka matsa wa tayar a kwana za ta ɗan juyo ciki, ta riƙe bayan motar. A wurina nan ne 911 ta daina zama motar da ke hukunta ƙaramin kuskure da babban sakamako. Injin nan na Mezger kuma, da ya fara da lita 2 da doki 130, ya kai lita 3.6 da doki 450 a mafi ƙarfin 993.

Amma iska ta kai iyakarta. Domin inji ya ƙona mai da tsabta yana buƙatar bawul huɗu a kan kowace silinda, kuma wurin yakan yi zafin da fanka ba za ta iya kwashewa ba. Rigar ruwa tana kuma rage ƙara, ga dokoki sun matsa. Kamfanin ma yana bakin rami: daga motoci sama da 50,000 a shekara a tsakiyar shekarun 1980, ya faɗo ƙasa da 15,000 a 1993. Shugaban kamfanin na lokacin, Wendelin Wiedeking, ya ɗauko tsofaffin injiniyoyin Toyota daga Japan suka koya wa Jamusawa rage ɓarna a masana'anta, abin da ba ƙaramin haɗiye girman kai ba ne. Aka tsara Boxster da sabuwar 911, wato 996 ta 1997, su yi tarayya a kayan gaba don rage kuɗi. Ita ce 911 ta farko mai lagireto. Masoya na da suka yi fushi, kuma sabon injin ya zo da nasa rauni, wani boris a cikinsa da kan lalace ya kashe inji, har aka kai kamfanin ƙara a Amurka. Duk da haka motar ta sayu, kamfanin ya miƙe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: sun bar iska, ba su taɓa mazaunin injin ba.

Akwai tambayar da nake ganin ya dace a yi da gaske, ko motar yau ita ce ta jiya. Ta 1964 nauyinta kilo 1,080, faɗinta mita 1.61. Ta yau ta haura kilo 1,500, faɗinta ya wuce mita 1.85. Tun 1998 kwamfuta ke iya taka birkin taya guda ita kaɗai idan ta ji baya zai zame, a 2011 aka ƙara tazarar tayoyi da milimita 100, daga 2013 kuma tayoyin baya kansu suna ɗan juyawa tare da sitiyari a wasu samfurori. Masu cewa an lulluɓe halin motar da na'urori suna da gaskiya a wani ɓangare, domin abin da direban 1970 yake koya da gumi yanzu na'ura ke yi masa. Sai dai ni ban ga abin kewa ba a motar da ke juyewa da mutum don ya tsorata. Abin da ya fi damuna shi ne nauyi da girma, domin rashin nauyi shi ne abin da Ferry ya fara da shi a Gmünd. Gaskiya ne kuma cewa manyan motocin iyali, Cayenne tun 2002 da Macan bayanta, sun fi 911 sayuwa nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma ta cika miliyan ɗaya a watan Mayun 2017.

A wannan shekarar ta 2017 injiniyoyin tsere suka yi abin da ya tabbatar da maganar da na fara da ita. A 911 RSR, motar da suke kaiwa Le Mans a lokacin, suka juya inji ya koma gaban tayoyin baya, domin su sami wurin faɗaɗa hanyar iska a ƙarƙashin mota, tayoyin baya kuma su daina cinyewa da wuri. Inda daƙiƙa ce kaɗai alƙali, sun koma tsarin 356 ta farko. Ta titi kuwa ta zauna yadda take, da ƙananan kujerunta biyu a baya da injinta a bayansu.

A 2024 aka fitar da 911 ta farko mai haɗa fetur da lantarki, Carrera GTS, mai ƙarfin doki 541. An sa ƙaramin injin lantarki a cikin turbo ɗin kansa, yana juya fankar tun kafin hayaƙi ya iso, wato jinkirin nan na 1975 an kashe shi daga tushe. Wani injin lantarkin yana cikin giyabos. Batirin da ke ciyar da su, mai nauyin kimanin kilo 27, sai da aka nema masa wuri, kuma an ajiye shi ne a ƙarƙashin murfin gaba, a ɓangaren motar da aka taɓa cusa wa dunƙulen ƙarfe biyu masu kilo 11.